Ƙararrawa Biyu a Ajin Yaya

Yayata malamar jami'a ce, kuma fanninta bam ɗin nukiliya. Ba haɗa shi ba fa, kada wani ya kira mana 'yan sanda. Tunanin masu shi take nazari: me ke sa ƙasa ta mallaki makamin da zai shafe birni cikin ƙiftawar ido, me kuma ke hana ta harba shi. Ni mai gyaran waya iyakar abin da na gane ke nan, shi ma sai da ta maimaita min sau uku.

A shagon Babanmu abin ya samo asali. Gyaran agogo yake yi, rediyo a kunne tun safe. Yaya tana 'yar shekara goma sha biyu ta ji an ce wasu manyan ƙasashe biyu sun yi wa juna saiti da makamai. Ta ce, "Baba, to me suke jira?" Ya ce, "Kowa tsoron kowa yake." Ta ce, "In tsoron ya yi yawa fa?" Ya ce ta matsa, ta tare masa haske.

Tambayar nan ce ta kai ta jami'a, ta fitar da ita waje shekara biyar, ta dawo da digirin dakta da tabarau da akwati biyu. Inna ta buɗe na farko tana neman tsaraba, littattafai. Ta buɗe na biyu, littattafai. Ta ce, "Allah ya sa dai a can sun ba ki abinci."

Shekara goma sha huɗu ke nan tana koyarwa. Ofishinta a ƙarshen baranda yake, kusa da ɗakin ajiyar karyayyun kujeru. Taswirar duniya a bango, fanka mai juyawa in ta ga dama, da kabad ɗin da ba ya rufuwa saboda takardu. Akwai maƙalarta da mujallu suka dawo mata da ita sau huɗu, a na biyar aka buga. Ɗalibanta kuwa ba su taɓa wuce goma sha biyu ba. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu yana ma'aikatar harkokin waje, duk shekara sai ya aiko mata da kalanda.

To bara aka kafa kwamitin rage kwasa-kwasai, aka sa nata a layin yanka. In aka cire shi, sai ta koma koyar da 'yan aji ɗaya kwas ɗin gabatarwa, ɗalibi ɗari shida a zaure, da lasifika mai tari. Shugaban kwamitin wani farfesan shari'a ne da ake kira Mai Sulhu, don ko malamai biyu sun kai ga cacumar kwala shi ke raba su. Ya ce mata, "Dakta, mu da ko ashana daga waje ake kawo mana, ina ruwanmu da nukiliya?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in gobara ta tashi a unguwa ba ta tambayar wa ya sayi ashanar. Ka zo ajina ranar Talata, awa ɗaya kawai."

Ni ban je ba. Baba Masinja, dattijon da ke kai takardu a sashensu, shi ya ba ni labari da ya kawo wayarsa gyara. Yaya kuma ta rage gishirin da ya ƙara.

Ga yadda take yi. Tana raba ɗalibai aji biyu masu bango ɗaya, kowane aji ƙasa guda. Kowace ƙasa da ƙararrawar hannu a kan tebur. Wanda ya kaɗa ya harba ke nan. Wanda ya riga kaɗawa ya lalata yawancin makaman ɗan'uwansa, amma wancan yana da minti ɗaya ya rama da ragowar. In awa ta cika babu wanda ya kaɗa, kowa ya tsira. Ba waya, ba leƙe. Magana sai a rubuce, Baba Masinja ne ke kaiwa, kuma dokarsa ita ce duk takardar da aka ba shi sai ya zauna da ita a benci minti bakwai.

Ranar Talata Mai Sulhu ya zo, ya ji dokokin ya yi dariya. Ya ce, "Minti goma ya ishe ni." Aka naɗa shi shugaban ƙasa, da ɗalibai biyar a matsayin ministoci. Ɗaya ajin kuma wata doguwar ɗaliba ce shugaba.

Ya rubuta wasiƙa mai daɗi, har da gaisuwar iyali, ya nemi kowa ya nisanci ƙararrawa. Baba Masinja ya karɓa ya je benci ya miƙe ƙafa. Minti goma shiru. Ya rubuta ta biyu, wannan babu gaisuwa. Can 'yan ɗaya ajin suka tsaya gardamar amsar da za su ba da, shirun ya ƙaru.

Wani ɗalibi da aka ba ministan tsaro ya ce, "Ranka ya daɗe, shirun nan fa ba na alheri ba ne."

"Kai, zauna. Haƙuri ake yi."

"To ai su ma sun san mai haƙuri ne kai. Shi ya sa."

Mai Sulhu ya cire hula ya ajiye. Ya rubuta ta uku, layi ɗaya. Sai suka ji ana jan kujeru a bayan bango, ƙiii, da takun mutane, da wani yana cewa, "Ɗauko, ɗauko!"

Ministan tsaro ya miƙe. "Wallahi sun ɗauko ta! In suka riga mu mun mutu a banza!"

Baba Masinja ya ce shi dai yana bakin ƙofa da amsa a hannu, minti bakwai ɗinsa sun cika cif, sai ya ji ƙararrawa kamar an tashi firamare. Farfesa ne, hannu biyu ya sa.

Ya karɓi takardar ya karanta a tsaye. An rubuta: "Mun amince. Za mu ɗora ƙararrawarmu a saman kabad don ku san da gaske muke." Jan kujerar da ya ji ke nan. Kafin ya ninke takardar, doguwar ɗalibar nan ta sake hawa kujera ta sauko da tasu, ta kaɗa. Yaya ta shigo ta rubuta a allo: minti talatin da ɗaya, ƙasa biyu, babu wanda ya rage.

Ɗalibai suka kwashe da dariya, ban da Mai Sulhu. Ya juya ga Baba Masinja ya ce, "Baba, da ka ɗaga ƙafa da minti ɗaya fa?"

"Ranka ya daɗe, shekara tara ina zaman bencin nan. Duk wanda ya kaɗa, ni yake tambaya."

Mai Sulhu ya dubi Yaya. "Akwai waɗanda suka taɓa cika awar?"

"Sau uku, cikin ashirin da shida."

"Me suka yi?"

"Abin da nake koyarwa ke nan, ranka ya daɗe. Mako goma sha uku ne."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Mako uku Yaya ba ta ji komai ba, har ta fara kwashe littattafan kwas ɗin tana sawa a kwali. Sannan takarda ta zo. An bar kwas ɗin na shekara biyu, a sake dubawa, kuma an buɗe shi ga 'yan shari'a. Ba har abada ba ne, amma Yaya ta ce a fanninsu shekara biyu ba tare da an harba ba nasara ce.

Bana mutum talatin da huɗu suka yi rajista. Da na leƙa ofishinta jiya na tarar tana faɗa da mai rabon ajujuwa a waya, wai lallai sai ya samo mata manyan aji biyu masu bango ɗaya.