Gora biyu a kan taga

Matan Zumunta, ku bar abin da kuke yi ku karanta!

Kun san kullum da safe sai na yayyafa wa yara ruwan albarka kafin su tafi makaranta. Yau na gama shara, na sauke koko, na ɗauko gorar daga taga. Ina buɗewa wari ya buge ni. Fiya-fiya ce, maganin ƙwarin wake!

Na ƙwala wa maigidana, Baban Saratu, kira. Ya ce, "Au! Jiya na juye a gorar ruwa, na ajiye sama don kada yara su taɓa."

Na duba tagar. Gora biyu ne, iri ɗaya sak, da tasa da wadda Fada, limamin cocinmu, ya sa wa albarka.

Sai ga surukata ta fito da sandarta. Idonta ba ya gani sosai, ga mura ta toshe mata hanci. Ta ce, "Ihun me kike yi? Ai na hutar da ke. Da kika je rijiya jaririnki yana ta kuka, na ɗiga masa ruwan Fada a baki."

Na ce, "Inna, wace gora?"

Ta ce, "Gora nawa ne a wurin?"

Yanzu haka muna kan babur, mun nufi asibitin Gezawa. Jaririn yana bayana a goye. Inna ta ce tun da ta ba shi ya yi shiru. Har yanzu shirun yake.

Ku kama Rosari, ku yi mana addu'a.