Jibo, mai sauraren ƙasar da ke ƙarƙashin lakwal ɗinmu

Kullum da safe, kafin yara su shiga aji, Jibo kan jingine motonsa mai ƙafa biyu a bayan lakwal, wato makarantar boko ta unguwarmu Dar es Salam, ya durƙusa, ya buɗe wani akwatin ƙarfe, ya kwafe lambobi a littafi. Wayoyin akwatin sun nutsa ƙarƙashin ginin, inda aka binne na'urori goma sha biyu masu auna danshin ƙasa da motsinta. Ƙasar wurin laka ce: ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke. An cakuɗa ta da farar ƙasa kafin gini, aka ce ta natsu har abada. Shekara talatin na koyar a nan, ban taɓa yarda da "har abada" ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ruwa ya ƙi sauka, injiniyoyin da suka binne na'urorin suka tafi. Jibo, ƙaramin ma'aikacinsu, bai daina zuwa ba. Kowa na cewa damina ke ka da gini, fari ba ruwansa da bango. Lambobinsa suka ƙaryata mu: gabas ƙasa na tsukewa, yamma tana kumbura. Ya bi sawu ya gano dalili. Saboda ƙarancin ruwa, yara na tara ruwan alwala su zuba wa bishiyar dogon-yaron da ke gindin bangon yamma. Mu muka koya musu haka, har da ni.

Jikata Ramatu a jikin bangon nan take zama.

Jibo ya ce a kwashe yara. Daraktan lakwal ya rage murya, ya ce yanzu ba lokacin kushe ginin hukuma ba ne, wa zai sa hannu a takarda?

Jibo ya amsa da laƙabin da muke kiran malamai da shi: "Mushe, ni zan sa. In kira ya zo, ni za a kira."

Hukuma kuwa ta kira shi, har yau bai faɗa mana abin da aka tambaye shi ba. Yara suka koma rumfa. Sati uku bayan nan, ranar Laraba da hantsi, bangon ya rufta kan bencuna. Babu kowa a kai.

Jibo, kai ne ka ji abin da mu masu takardu ba mu ji ba. Allah ya saka maka. Amma ga damuwata: ƙarshen watan nan za ka yi ritaya, na'urori huɗu kaɗai suka rage da rai, kuma azuzuwa uku na tsaye kan wannan laka.

Jama'a, a samu mai durƙusawa ya karɓi littafin nan daga hannunsa. Ƙasar ba ta yi ritaya ba.