Zomanyar Goggo da Katangar Yamma

A ƙarshen shekarun tamanin, bayan na gama bautar ƙasa ina zaman jiran aiki a gidanmu na Kusfa, na kawo wa Goggo 'yar zomanya daga Samaru. Goggo yayar mahaifina ce, idonta ya fara rauni, kusan kullum ita kaɗai take yini a ƙofar ɗaki. Na yi tunanin ko za ta ɗebe mata kewa. Da farko kam haka aka yi. Tana kwanciya a gefen tabarma tana cin ganyen karas, Goggo na yi mata hira kamar mutum.

Da ta fara girma sai hali ya sauya. Ta cinye bakin tabarma, ta gutsure igiyar guga, in an miƙa mata hannu ta kai cizo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tono. Ta zaɓi gindin katangar yamma, tsohuwar katangar ƙasa da muka haɗa da maƙwabta, ga damina na ƙaratowa.

Baffa, ƙanin mahaifina wanda ke riƙe da gidan tun rasuwarsa, ya kira magina suka yi yaɓen da aka saba yi kafin ruwa ya sauka. Yaɓen bai gama bushewa ba zomanyar ta buɗe sabon rami.

"Yaya, wannan 'yar taki rijiya take son haƙa mana ne?" in ji Baffa.

"Kai da kana rarrafe ƙasar katangar nan ka riƙa ci," in ji Goggo. "Wa ya ce a yanka ka?"

"Ni dai na faɗa. In ruwa ya bi ramin nan katanga ta faɗa gidan mutane, da wane ido zan dube su? Ta ƙara, a tukunya za ta kwana."

Goggo ta lalubo zomanyar ta ɗora mata hannu a baya. Ban ga laifin Baffa ba. Amma ni na kawo ta, kuma na san in aka yanka ta Goggo ba za ta yi magana ba, za ta dai koma zaman shirunta.

Littafin kiwon da na samo bai taimaka sosai ba, kusan duk maganar nama yake yi. Sai na koma ina zama a tsakar gida ina kallon zomanyar. Ba zan ce na fahimci zomo ba, amma na lura da wasu abubuwa. Ba ta tono sai rana ta yi zafi, kuma da ta tona sai ta miƙe a ciki. Wurin nan ne inuwa ke fara sauka bayan azahar, nan kuma ake zubar da ruwan alwala, ƙasar da sanyi. Batun cizo kuwa, ba ta taɓa cizon Goggo ba. Mu duka da kunne muke ɗaukarta, yadda kowa ke ɗaukar zomo a wajenmu. Goggo ce kaɗai ba ta taɓa ɗaga ta daga ƙasa ba.

Na samo wata tsohuwar randa da bakinta ya fashe, na kwantar da ita a inuwar ɗakin Goggo, na cika ta da ragowar ƙasar da magina suka bari, ina yayyafa mata ruwa da hantsi. Na jera duwatsu a gindin katanga. Na ajiye harawa da rassan gwaiba don ta sami abin gurgura. Na kuma roƙi mutanen gida su daina kama kunnenta, wanda zai taɓa ta ya tsuguna ya bari ta zo da kanta. Matar Baffa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato yanzu sai mun durƙusa mun gaishe ta? Digirin ke nan?"

Kwanakin farko zomanyar ko kallon randar ba ta yi ba, tana ta shinshina duwatsun. Daga baya, wata rana da azahar, na tarar da ƙasa a watse, ita kuma tana ciki, kunnuwa kawai ake gani.

Da ruwan farko ya sauka, Baffa ya bi gindin katangar yana dannawa da sandarsa. Babu rami.

"Duwatsun nan ne suka yi aiki," ya ce, "ba karatunka ba."

Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Har yau ban tabbata ko randar ce, ko duwatsun, ko kuwa girma ne ya kwantar da ita ba. Cizon ma bai tafi gaba ɗaya ba, ta sake kama ni a yatsa ranar da na yi garaje. Amma ba a ƙara maganar tukunya ba. Da bazara ta zagayo magina suka dawo yaɓe, na ji Baffa na ce musu kada su kwashe ƙasar duka, su bar tsibi ɗaya a ƙofar ɗakin Yaya.