Ƙoƙon Iyatu

Iyatu ba ta barin kowa ya fita gidanta bai sa komai a baki ba. Ko aron gishiri ka shigo, za ta biyo ka har zaure da dabino ko ƙoƙon ruwa, ta tsaya sai ta ga ka haɗiye. Mutanen layinsu a Tudun Wada sun daɗe da daina yi mata gardama. Sana'arta ƙanƙara da zoɓo, kuma tun rasuwar mai gidanta firjinta biyu ne suka riƙe gidan.

'Yarta ta fari, Zakiyya, tana aure a Minanata, gidan wani malamin makaranta mai suna Aminullahi. Iyatu ba ta taɓa faɗin sunanta ba, saboda kunyar ɗan fari. In zancenta ya taso sai ta ce waccan ta Minanata. Auren ya daɗe, ba haihuwa. Ƙannen Zakiyya da aka aurar bayanta, 'ya'yansu har sun shiga makaranta. Zakiyya kuwa ba ta fashin bikin sunan kowa. Za ta zo da wuri, ta yi daka, ta yi wanke-wanke, ta sulale kafin a fito da jinjiri.

Wata ranar bazara Zakiyya ta zo ta zauna kusa da firji, ta ce sun yanke shawarar yin dashen ciki a wani asibiti mai zaman kansa nan cikin Sakkwato. Ta bayyana a hankali. Za ta yi ta allura kullum don ƙwayayen haihuwarta su girma da yawa, ana duba su da hoton ciki. In sun ƙosa a ciro su, a haɗa da na mijinta a ɗakin gwaji. Bayan 'yan kwanaki a mayar mata da abin da ya kama cikin mahaifa. Likita ya gaya musu tun farko cewa ba kowa ke dacewa ba. Iyatu ta yi tambaya ɗaya tak, ko na mijinta ne ba na wani ba. Da aka ce nasa ne, ba ta ƙara ba. Daga baya ta ji a bakin mutane cewa Aminullahi ya sayar da gonar gadonsa ta ƙauye. Ba ta tambayi dalili ba.

Alluran suna son sanyi, amma ba a so su daskare, wutar Minanata kuwa ba ta da tabbas. Sai aka kawo su wurin Iyatu. Ta kwashe zoɓo daga firji ɗaya ta ba su wurinsu. In aka ɗauke wuta, ta naɗe su a tsumma ta sa a kular ƙanƙara, ta zauna kusa tana taɓa murfin kamar mai jinyar yaro. Kullum da la'asar Zakiyya za ta zo ta ɗaga riga ta soka wa kanta a ciki, Iyatu ta kau da kai tana lissafin abin da ba shi da lissafi a bango. Cikin yarinyar ya kumbura, fatar ta yi tabo-tabo, abu kaɗan ya sa ta kuka. Uwar sai ta tura mata kwano.

Aka zo allurar ƙarshe. Ita wannan, in ji likita, da zarar an yi ta ƙwayayen ba su jiran kowa. An tsayar da safiyar ciro su, kuma in lokacin ya wuce za su fashe da kansu, duk wahalar ta tafi. An kuma ce kada Zakiyya ta ci ko ta sha komai tun daren, don za a sa ta barci. Ta kwana gidan uwarta saboda ya fi kusa da asibitin.

Iyatu ta ji dokar, kuma ta bi ta. Ba ta ɗora tukunya ba da safen. Amma akwai rubutun da ta karɓo wurin limamin unguwa, ta dama shi da nono da zuma kamar yadda take yi wa duk wanda za ta ba. Motar Aminullahi na tsaye a waje, Zakiyya ta kai zaure, sai ga uwar a bayanta da ƙoƙo.

"Inna, an ce ko ruwa."

"Wanga ba abinci ba na. Ayar Allah ta. Yi bisimilla."

Zauren da ɗan duhu. Zakiyya ta ɗauka wankin allo ne kawai, kuma wa zai ture ayar Allah daga hannun uwarsa a irin wannan safiya? Ta kafa kai. Sai da ta yi nisa ta ji kaurinsa da zaƙinsa. Ta sauke ƙoƙon ta dubi Iyatu. Aminullahi ya danna hon. Ta share baki da gefen hijabi ta fita.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, Miriam, ta kai Zakiyya da uwarta ɗakin jira, Aminullahi kuma aka kai shi wani sashe ya ba da nasa. Miriam ta ba Zakiyya rigar tiyata, ta ce ta cire awarwaro da 'yan kunne, sannan ta tambaye ta ko ta ci ko ta sha wani abu. Zakiyya ta ce a'a. Iyatu na zaune tana ji, ba ta ga laifin amsar ba.

Sai wata mata da ke jiran layinta ta fara mita cewa ƙishi zai kashe ta, ko kurɓi ɗaya a taimaka mata. Miriam ta yi dariya ta ce Hajiya ta yi haƙuri, ba mugunta ba ce. In an sa mutum barci, maƙogwaronsa ma barci yake yi. Abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu, mutum bai sani ba, bai iya tari ba. Ta ce nono da fura sun fi komai daɗewa a ciki, kuma akwai waɗanda ba su farka ba.

Iyatu ta tuna ƙoƙon. Ta juya. Zakiyya ta riga ta kama wuyan hannunta, ta matse.

"Inna, in kin yi magana an hwasa," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba mu da wata gona."

Iyatu ta dubi hannun da ya riƙe ta. Ta tuna tabon allura a cikin yarinyar. Ta tuna yadda take sulalewa daga gidan suna. Ta ce a ranta ai ƙoƙon ƙarami ne, ai ba ta shanye ba, ai sunan Allah ne a ciki. Aka kira Zakiyya. Ta saki hannun uwar, ta hau gadon da ake turawa, ba ta waiwayo ba. Tayar gadon ɗaya tana ƙara. Iyatu ta bi ƙarar da kunne har ta kai bakin ƙofar ɗakin tiyata.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Matar da ko a gidan biki ba a jin muryarta, sai ga ta tsakiyar baranda.

"Sista, tsaya. Zakiyya ta sha nono. Ni na ba ta da hannuna."

Ran nan ne aka fara jin sunan a bakinta. Aminullahi ya fito daga nasa sashen daidai lokacin, ya tsaya cak. Bai taɓa kallon surukarsa ido cikin ido ba, ran nan ma ƙasa ya kalla.

Likita ya fito, bai yi faɗa ba. Ya tambayi yawan abin da ta sha da lokacin da ta sha. Ya ce barci dai babu shi. In kuma aka jira cikinta ya sauka, ƙwayayen ba za su jira ba. Saura hanya ɗaya, a kashe mata wurin da allura a yi aikin tana farke. Za ta ji zafi, kuma ba a so ta motsa, in ta kasa zai tsaya. Zakiyya ta ce a yi. Ba ta dubi inda uwarta take ba.

Iyatu ta koma kan benci, carbi a hannu, amma yatsun ba su ja. Ƙofar ba ta da kauri sosai. Abin da ta ji ta bayanta ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Matar da ke kukan ƙishi ta daina mita, ta matso ta zauna kusa da ita.

Likitan bai kai ga dukkan ƙwayayen da ya gani a hoto ba. Na can nesa ya bar su, don ta kai iyakarta. Cikin waɗanda aka samu, biyu suka kama. Daga asibiti Aminullahi ya wuce da matarsa Minanata, Iyatu ta hau Keke Napep ta koma gida ita kaɗai. Ba kira, ba aike. A kwanakin nan masu sayen ƙanƙara sun lura tana barin su su fita haka nan. Wani lokaci ta ɗauko dabino, ta kai rabin tsakar gida, ta koma.

Safiyar da za a mayar da dashen, mota ta tsaya a ƙofa. Zakiyya ta shigo tana takawa a hankali, ta gaishe ta a tsaye. Ta ce yau an ce ta sha ruwa da yawa, mara ta cika, don hoton ya fito sosai.

"Inna, ba ni ruwa."

"An ce?"

"An ce. Ruwa zalla."

Iyatu ta ɗauko ƙoƙon nan, ta wanke, ta sake wankewa, ta shinshina, sannan ta cika shi daga randa. Ta tsaya har ta ga ta haɗiye.

Cikin biyun da suka kama, ɗaya aka mayar mata, bai zauna ba. Na biyun yana can asibiti cikin sanyi, an ce yana iya jiran shekaru. Iyatu ta kan ce ita dai ta san abin da sanyi ke riƙewa. Ta sayo zare fari da kore ta fara saƙa majanyi, tana ɓoye shi bisa firjin da ta ajiye allurai, ta kan sauko da shi in gidan ba kowa.

Da damina zazzaɓi ya kama ta, bai daɗe da ita ba rai ya yi halinsa. Bayan addu'ar bakwai, masu kwashe kaya suka sami majanyin. Ya kai rabi, ƙwarashin na soke a inda ta tsaya. Zakiyya ta karɓa ta naɗe shi yadda yake, ta tafi da shi Minanata.