Turakun Jan Fenti

Har yau ban manta da wata ranar Laraba ba, a farkon daminar da ta biyo bayan annobar ciwon bushiya da ta share shanu a Borno. Lokacin ina ƙaramin jami'in kula da filayen kiwo, shekarata ta uku a aiki, ina zaune a unguwar Gomari, cikin Maiduguri.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ƙarfin ƙasa muke aunawa: ciyawar da take fitarwa, da yawan shanun da za ta ɗauka ba tare da ta mutu ba. Mukan kafa turakun ƙarfe a jere, mu shafa musu jan fenti. A gindin kowane turke mu yanke ciyawa daidai faɗin wani firam, wato ma'auni mai kusurwa huɗu, mu zuba a ambulan, a ofis a busar a ɗora kan sikeli.

Mako biyu kafin ranar na kafa turakuna a wani fili arewa da Maiduguri, kusa da rijiyar burtsatse. Maigidana, babban jami'in sashe, ya ce in fara gaida Bulama, wato mai garin wurin. Na je ban same shi ba, ban jira ba, na kafa abina na dawo.

Da muka koma, ni da direbanmu Malam Yohanna, dattijo mutumin Biu, na sunkuya a turke na biyu ina yanka ciyawa, sai na ga inuwa ta rufe ni. Na ɗago. Makiyaya ne 'yan Shuwa, sun kewaye ni, da sanduna da kwari da baka. Wani ya riga ya zare makullin mota.

Wani dogon mutum, Adam sunansa, ya nuna turken da sanda.

"Me ka binne a nan?"

"Ba abin da na binne. Ciyawa nake aunawa."

"Tun da ka kafa ƙarfen nan shanuna suke tangaɗi. Biyu sun mutu. Ta uku yau da safe na yanka ta. Bara ina da garke, yau bakwai suka rage mini."

Ya fizge jakata ya zazzage. Ambulan suka watse, ga kwalbar fenti, ga littafi cike da lambobi. Ni kaina da na dube su a ƙasa, sai na ga sun yi kama da kayan mugunta. Aka zaunar da mu a rana, aka ɗaure mini hannu ta baya da igiyar maraƙi. Suna magana da Larabcinsu, ba na jin komai, sai dai yadda muryoyi ke hawa. Matata na da tsohon ciki a lokacin, kuma ba wanda zai neme mu kafin washegari.

Malam Yohanna, wanda yake ɗan jin harshensu, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Malam Bukar, kada ka ambaci gwamnati. Wasunsu cewa suke a kai mu wurin Bulama, wasu suna cewa a gama da mu a nan."

Wajen azahar wani tsoho ya zo a kan jaki. Suka buɗe masa hanya. Ya ɗauki ambulan ɗaya, ya zazzage a tafin hannunsa.

"Wannan mece ce?"

"Ƙarangiya, Baba."

"Gamba fa? Ka samu?"

"Ko ƙwara ɗaya. Kusa da rijiya ma ba komai sai duman kada."

Ina faɗin haka abin ya faɗo mini. Duman kada yaɗo ne da dabba ba ta ci sai yunwa ta kai ta maƙura, in ta ci da yawa kuma sai ta kama tangaɗi. Na ce, "Baba, a buɗe tumbin wadda aka yanka."

"In ba a ga komai ba fa?" in ji Adam.

Ba ni da tabbas. Ni ba likitan dabbobi ba ne, zato kawai na yi.

Aka kai mu inda saniyar take. Adam da kansa ya sa wuƙa. Ban iya kallo ba, ƙasa na duba ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina jin Malam Yohanna yana tasa a gefena. Wari ya tashi. Tsohon ya cusa hannu, ya ciro curi, ya wanke a ƙwarya. Yashi ya kwanta a ƙasa, ganyen duman kada ya taso sama.

Adam ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa ran haka ba. Ya zauna kusa da saniyarsa ya rufe fuska da rawani. Tsohon ne ya kwance ni.

"Ɗana," ya ce, "mun san wurin nan ya gaji tun kafin ka zo. Da ka tambaya, da mun nuna maka inda ya fara mutuwa."

Na koma bayan kwana goma, wannan karon na yini a zauren Bulama. Makiyayan ne suka zaɓi ɓangaren filin da za a hutar a daminar nan, Adam na cikin masu tsaronsa. Ni dai na yi wata guda ba na iya sunkuyawa in yanka ciyawa sai na waiwaya.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan. Filin da kuke aunawa, wani a kansa yake kirga abin da ya rage masa a duniya, kuma yana tsoronku fiye da yadda kuke tsoronsa. Ku zauna da shi tukuna, ko da zaman zai cinye muku ranar aiki.