Tarwaɗa Ɗaya a Tafkin da Aka Ɗaure

Mun bar Sabon Garin Gusau da asuba, ana sallame salla, ni da ƙanen matata, kowa da ƙunshinsa a hammata. Tun da na dawo mutanen ofis suke tare ni suna tambayar yadda na ga sabon wurin aikina. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta.

Ga wanda bai sani ba, ni malamin gona ne, an kuma yi mini canji zuwa wani ƙauye can bayan Karakkai a ƙasar Bungudu, inda za a fara raba takin zamani da daminar bana. Ni ban ƙi ba. Matata ce ta ce ƙafarta ba za ta taka can ba. Haifaffiyar Gusau ce, ta saba da famfo da kasuwa a bakin ƙofa, ga kuma awakinta da take kullewa a madafi da kwaɗo kafin magariba, tun da ɓarayi suka ɗauke mata biyu bara. Ta ce a cikin gari ma ga yadda ake ciki, ina ga daji? Ni kuwa in zauna zaman gwauro a ƙauye, ita da yara suna Gusau, abin da ba na so ke nan ko a mafarki. Sai na shiga yi mata kirarin garin da ban taɓa gani ba, wai kifi har tudu yake hawa, zabi kuwa sai an kore su daga bakin rumbu. Ta bari na gama tsaf, ta ce in je in kawo kifin ta gani da idonta, kuma ƙanenta zai bi ni, don ta san halina, zan iya saye a kasuwar Gusau in shafa masa laka. Ƙanen nata tela ne, mutum mai kunne da baki, ba abin da ke wuce shi.

Kuskurena na farko shi ne tuna wani abokina na Tsafe da muka yi makaranta tare, wanda ya daɗe yana cika mana baki cewa shi maharbi ne. Na ce idan aka haɗa kifi da naman daji ai magana ta ƙare. To Tsafe tana gabas, Bungudu tana yamma, ke nan da tafiyar baya muka fara. Muka shiga kiya-kiya a tasha. Tun da aka koma tuƙin hannun dama direbanmu bai gama yarda da dokar ba, tsakiyar titi ya zaɓa don kada ya ɓata wa kowa. Dutsen Kwatarkwashi da mutane ke leƙawa suna yabawa, ni ban gan shi da kyau ba, salati nake yi.

A Tsafe muka tarar da maharbi bai ma wanke ido ba. Muka sha koko da ƙosai a bakin kasuwa muna jiransa. Ƙosan Tsafe kam ba laifi, manya ne, mai tuyar kuma har yanzu da sule da sisi take lissafi, ta ce ita naira ba ta zo unguwarsu ba tukuna. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan mutumin ya fito da rigar layu, da harba-ka-ruga naɗe cikin tabarma, da wani ramammen kare mai yagaggen kunne. Ban san da zancen kare ba sai a lokacin.

A tasha aka yi ta ta ƙare. Wani Alhaji da ke kujerar gaba ya leƙo ya ce, "Wallahi ba ni zama mota guda da kare, da alwala nike." Sauran fasinjoji suka mara masa baya, ni ma a zuciyata ina bayansa. Daga ƙarshe bayan wata a-kori-kura muka samu, kan buhunan gishiri, aka kuma karɓi kuɗin karen daidai da na mutum. Da azahar ta gabato sai ga mu muna ratsa Gusau, daidai bakin layinmu, inda muka baro da asuba. Na dunƙule tsakanin buhuna don kada maƙwabta su gan ni su kai rahoto. Ƙanen matata kuwa miƙewa ya yi yana ɗaga wa mutane hannu.

Bungudu ta ɗan sanyaya mini rai. Gulbi ya janye saboda bazara, an cika gefensa da lambunan albasa da tumatir, mata na wanki a kan duwatsu. Muka yi salla, muka ci hoce da ƙuli-ƙuli, muka kora da furar wata Bafulatana da ta cika mana ƙwarya a kan sule ɗaya, irin wadda a Gusau sai ka yi ciniki har murya ta dushe. Daga nan kwalta ta ƙare. Wata tsohuwar gingimari ta kwashe mu zuwa Karakkai, hanya duk ramuka, mu yi sama mu dawo. A nan ne karen maharbi ya amayar da duk abin da ya ci a kan sabon kaftanin da tela ya ɗinka wa kansa musamman don tafiyar. Daga Karakkai kuma sai ƙafa, rana na dukan ƙeya, muka bi wasu masu jakuna har muka isa da la'asar sakaliya.

Mai masaukinmu wani dattijo ne, wanda a gidansa mai gari ya ware mini ɗakunan da zan zauna. Ya tarbe mu hannu bibbiyu. Kafin in sha ruwa na roƙe shi ya nuna mini tafkin garin. Jama'a, ashe ƙaryar da na yi wa matata ba ta kai gaskiyar ba. Tafki ne babba da gulbi ya bari, kewaye da kanya da ɗorawa, kifi kuwa sai tsalle yake yi yana faɗawa, ƙarfasa da tarwaɗa har bakin gaɓa. Na ji daɗi har na fara lalubar fatsar da na sayo a kasuwar Gusau. Dattijon ya dafa hannuna.

"Malam, ruwanga ɗaure shike," in ji shi. "Sarkin Ruwa bai buɗe ba. Sai ranar su, ranar kamun kihi, ƙarshen bazara, gari duka shi shiga, kowa da gora da homa."

Na ce, "Baba, ɗaya tak nike so, in kai gida a gani."

Ya ce, "Ko ɗan da ni haifa ba shi taɓa shi."

Duk wannan a gaban maharbi aka yi, da kunnensa ya ji. Tuwon dawa da miyar kuka muka ci da magariba, miya ba ko ƙashin kifi, ga ƙarar faɗawar kifi tana iso mu har zaure. Garin bai gama farfaɗowa daga farin da aka yi ba, rumbuna duk sun yi ƙasa, amma ba wanda ya ko waiwayi tafkin. Takaici ya hana tuwon wucewa da daɗi.

Washegari na ce to a gwada daji, ko zabo ɗaya ya wanke ni. Maharbi ya shige gaba yana ta kirari. Ba mu yi nisa ba muka gane mutanen garin sun riga sun yi farautarsu tun rani, sun ƙone dajin ƙurmus. Ƙarangiya ta cika mana wando, ƙudan tsando suka bi mu da cizo, ruwan goranmu ya yi zafi kamar na wanka. Karen ya sami gindin tsamiya ya kwanta, ko da aka ja igiyarsa sai ya lumshe ido. Can da rana tsaka Allah ya kawo garken zabi. Maharbi ya durƙusa, ya auna, ya ja kunama, bindiga ta ce ƙyas. Ya sake, ƙyas. Zabin suka gama kiwonsu suka tafi a tsanake. Sai da ya juyo da ita yana hura albarushin sannan ta tashi, ta babbake masa rabin gemu da gira ɗaya. Duk yinin nan abin da muka kashe kunama ce guda, ita ma tela ne ya taka ta da takalmi bai sani ba.

Na kwanta da niyyar mu koma gida hakanan, in je in faɗi gaskiya. Da muka dawo daga sallar asuba sai na ga ba maharbi, ba fatsata. Gari na fara haske sai ga shi ya shigo yana washe baki, da wata tarwaɗa kamar cinyar mutum naɗe a rigarsa, tana ta mutsu-mutsu. Na ce masa bai ji abin da Baba ya ce ba? Ya ce, "Homa anka hana, wa ya ce fatsa? Kai dai kai ma matarka ka huta." Ban taɓa jin sha'awar marin babban mutum ba sai ranar. Mata masu ɗiban ruwa kuma sun gan shi, don haka kafin mu gama musu Sarkin Ruwa ya yi sallama.

Ɗan siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya. Aka zauna a zaure, tarwaɗar na cikin kwatarniya a tsakiya. Ya ce al'adar garin sananniya ce, gidan da baƙonsa ya karya ruwa, ba wanda zai shiga su daga gidan a shekarar. Na dubi mai masaukinmu. Ƙasa kawai yake kallo. Daga baya na ji cewa kifin su shi yake bandawa ya sayar ya sayi iri, ragowar kuma shi ne miyar gidansa har kaka. Mutumin da ya ba mu ɗaki da tuwo, ga sakayyar da muka yi masa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba wata hanya?"

Ya ce akwai. Wanda ya karya ruwa shi zai fara shiga ranar su, shi kaɗai, kafin a buga ganga, ya haye kan gora daga wannan gaɓa zuwa waccan, don in akwai abin da ya yi fushi a ruwan ya fara da shi. Abin da ya kama kuma na mai gida ne. Nan take maharbi ya tuna yana da ciwon kunne da likita ya hana shi shiga ruwa, Tsafe kuma akwai nisa. Sarkin Ruwa bai ko dube shi ba. Ni ya duba ya ce, "Fatsar wa ta? Wa yak kawo shi garinga?"

Na tambaya ko akwai kada a tafkin.

Ya ce, "Akwai guda, amma tsoho na. Mun san juna."

Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, haka na ce na yarda. Aka ɗauki tarwaɗar da ranta, aka kai bakin tafki, aka sake ta ina kallo. Ta kaɗa wutsiya ta nutse da shaidar da na yi wannan doguwar wahala dominta.

Daga nan muka kama hanyar komowa gida. Dattijon ya raka mu har bayan gari, ya ba ni ƙullin garin kuka da goruba in kai wa yara, abin da ya ƙara mini kunya. A tashar Gusau muka rabu da maharbi da karensa, sallamar ba ta yi tsawo ba.

Matata hannuwana ta fara dubawa, sannan fuskata. Ban buɗe baki ba tela ya karɓe, ya kwashe komai ya zayyana mata, har da kwaikwayon yadda na tambayi zancen kada. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ni dai na zauna ina lissafin yadda zan koyi tuƙa tuwo. Can sai ta tsagaita ta dubi ƙanenta.

"Tsaya. Kihi na gabansu, ga yunwa, ba mai gadi, kuma ba mai taɓawa?"

Ya ce, "Ko guda, sai maharbinmu."

"Awakinsu fa, ina suka kwana?"

"Waje, gindin icce. Ko turke ban gani ba."

Sannan ta juyo ta ce, "Malam, ɗakunan nawa na?" Kafin in amsa ta ƙara da cewa lallai a tashi kafin ranar su, don shigata ruwa kam ba ta yarda a ba ta labari ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Kada ka yi wa garin da ba ka gani ba kirari, kada kuma ka je baƙunci da mutumin da ba za ka iya ɗaukar laifinsa ba, don kai za a ɗora wa. Sannan duk ƙaryar kifi da zabin da na shirya ba ta motsa matata ba, dokar da ta fi ba ni haushi a garin ita ce ta ja ta. Masu nemana da yamma, ina gulbin bayan gari da aron gora, ina hawa yana juyewa da ni, masu wanki sun mai da ni abin kallo, ranar su kuma sai matsowa take yi. Ita kuwa ta gama ɗaure kayanta tsaf. Kwaɗon da take kulle awaki da shi ta ba maƙwabciyarmu, ta ce ita ta fi bukatarsa.