Fuskar Baba Ba Za Ta Hau Riga Ba

Kai mai karanta wannan, idan kana cikin masu damun ɗana Nazifi da saƙo kuna tambayar yaushe rigar Tsohon Dayi za ta fito, ka karanta har ƙarshe, sannan ka daina. Ni ce 'yar marigayin, kuma ba don nishaɗinku na zauna rubutun nan ba.

Ranar Laraba da hantsi ina tankaɗe a gidana a Funtua, ƙanena ya kira daga Dayi. Ya ce Baba ya dawo daga gona, ya sha ruwa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa a zaure, bai sake tashi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Babana Malam Idi manomi ne, kuma mutum ne da ba ya yar da komai. Buhun taki idan ya ƙare, sai ya wanke shi ya farke, ya zama shimfiɗar shanya barkono. Lokacin da nake sakandare a Malumfashi, duk ranar ziyara sai ya zo a keke da ƙullin ƙuli-ƙuli. Bai yi boko ba, amma sai ya karɓi littafina ya duba shafi-shafi, ya ce, "Rubutun ya yi kyau, Hajara, sai dai kin bar fili da yawa a gefe."

Wannan mutumin ne Nazifi ya mayar abin dariyar duniya. Shi da wani abokinsa suna da shirin barkwanci da ake saurara a waya, fodkas suke ce masa. Duk zuwansa Dayi sai ya ɗauki hirar kakansa ya saka. Da haka mutanen da ba su san hanyar Dayi ba suka haddace maganganun ubana. Ko a motar haya na ji wani yana kwaikwayonsa: "Ku bar duba waya, ku tambayi gwiwata, ta fi ta sanin hadari." Na kai ƙara wurin Baba. Ya ce, "Ƙyale abokina, shi ma noma yake yi. Girbin ne dai ban gani ba." Na ƙyale.

Ranar sadakar uku, mata cike da tsakar gida, Nazifi ya ja ni gefe ya miƙo mini waya. Zane ne ya yi. Baƙar riga, fuskar Baba a ƙirji yana dariya har giɓinsa a waje, a ƙasa an rubuta "Allah ya jiƙan Tsohon Dayi". Ga hular hana-salla, ga kofin shayi, duk da fuskar.

"Umma, masoyansa ne ke nema. Girmamawa ce."

"Da sunan Allah a ƙirji za su riƙa shiga banɗaki?"

"To, a cire addu'ar, a bar hoton."

"Wato ubana shi ya shiga."

Ya ce ban fahimci zamani ba, kuma mai buga riguna a Funtua zai fara aiki ranar Litinin. Gidan makoki ne, ban ɗaga murya ba.

Asabar da safe na ce ya ɗauke ni a babur zuwa gonar Baba. Dawa ta nuna, tsuntsaye sun yi yawa. Mutum-mutumi uku Baba ya kafa. Biyu na sanye da rigunan 'yan takara na zaɓen da ya wuce, fuskokin sun koɗe. Na ukun, wanda ke tsakiyar gona da tsohuwar malfar Baba a ka, riga ce ruwan ɗorawa a jikinsa, wadda Nazifi ya buga wa shirinsu ya kawo wa kakansa tsaraba da Sallah. Ga fuskar Nazifi da ta abokinsa, baki buɗe, kashin tsuntsu a goshi.

Ya daɗe yana kallo. "Ce mini ya yi ya adana ta."

"Ai ga ta nan a adane. Ni ce mini ya yi riga mai fuska ta fi korar tsuntsu." Na ce, "Wannan kakanka ke nan, mai ƙaunarka. To, baƙon da ya saya a Kaduna fa? Wuyanta na saki za a goge babur da fuskar ubana, ko a shimfiɗa ta a bakin ƙofa."

Sai ya fara dariya, yana yi yana yi har ta juye kuka. Tun ranar Laraba ban ga hawayensa ba sai a nan. Na bar shi ya gama. Ya taɓa bakin malfar ya ce, "Wannan fa, Umma? In zana ta ita kaɗai?"

Na ce ya zana, ya haɗa da fartanya in ya ga dama.

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa dariyar da ya ba mutane ta zama sadaka a gare shi. Allah ya ba Inna haƙurin takaba, ya haɗa kanmu mu da ya bari.

Ku kuma masu jira, zanen malfa za ku samu a ƙirjin rigar. Na kafa doka a gidana: fuskar mamaci ba ta hawa riga, sunan Allah ba ya hawa kofi ko hula. Rigar Nazifi kuwa tana nan inda Baba ya sa ta, ba mai cire ta sai an girbe dawa.